Tudun Atina, Wutar Onondaga da Akwatin Zaɓe

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka al'ummomi suke idan suka zo tsara mulkinsu. Kowace tana gina shi ne a kan bala'in da ta taɓa gani, tana toshe ƙofar da ɓarna ta taɓa shigo mata. Mutanen Atina ta tsohuwar Girka sun ɗanɗani bautar bashi da mulkin mutum ɗaya. Ƙabilun Haudenosaunee na arewa maso gabashin Amurka sun ɗanɗani ramuwar gayya wadda ta kusa ƙarar da su. Su kuwa waɗanda suka rubuta tsarin wakilci da yawancin duniya ke bi yau, abin da ya fi hana su barci shi ne taron talakawa. Wanda ya bi tarihin ukun zai gane dalilin da ya sa dimokuraɗiyyar zamaninmu ta ƙware wajen ɗora shugaba, ta kuma yi rauni wajen riƙe linzaminsa bayan ya hau.

Atina: kowa ya ɗana, kowa ya sauka

A farkon ƙarni na 6 kafin Miladiyya, manomin ƙasar Atina da ya ci bashi ya kasa biya ana iya sayar da shi, har da 'ya'yansa. Gonaki cike suke da kafaffun duwatsu masu nuna cewa mai gona ba shi da iko da ita. Da gari ya kusa kamawa da wuta, a shekarar 594 aka danƙa wa Solon ragamar gyara. Ya yafe basussuka, ya tumɓuke duwatsun, ya haramta ba da rance a kan jikin mutum, ya dawo da wasu da aka sayar ƙasashen waje. Amma manyan muƙamai ya bar su a hannun masu dukiya, rikicin manyan gidaje kuma bai kwanta ba. Ta wannan ɓaraka Pisistiratos ya ƙwace mulki, ɗansa Hippiyas ya gaje shi, sai a 510 aka kore shi da taimakon Sparta.

Bayan shekara biyu Kilistenis ya zo da gyaran da ake ƙirga dimokuraɗiyyar Atina daga kansa. Ya lura cewa ƙarfin manya yana cikin dangi da yanki, don haka ya wargaza tsohon rabo ya kafa sabbin ƙabilu 10, kowace an haɗa ta da unguwannin birni, ƙauyukan bakin teku da na cikin ƙasa. Masunci da manomin tudu da maƙerin birni suka wayi gari a ƙabila ɗaya. Kowace ƙabila tana ba da mutum 50, su haɗu su zama majalisar mutum 500 mai shirya abin da za a tattauna. Waɗannan mutane ba zaɓen su ake yi ba. Ƙuri'ar sa'a ake jefawa, wanda ta faɗa wa ya yi shekara ɗaya ya sauka, kuma ba ya wuce sau biyu a rayuwarsa. Kullum akan ciro mutum ɗaya ya riƙe hatimin gari da mabuɗan baitulmali na yini da kwana, ba zai sake riƙewa ba har ya mutu.

Masu tonon tarihi sun gano irin na'urar da ake wannan canki-canka da ita. Falalen dutse ne tsaye mai layi-layin ramuka, kowa ya soka ɗan allon da ke ɗauke da sunansa. A gefe akwai bututu da ake zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya. In fari ya fito, layin nan ya shiga aiki. In baƙi ne, su koma gida. Babu yaƙin neman zaɓe, babu ubangida, babu wanda zai san alƙalan shari'arsa tun da dare balle ya kai musu toshiyar baki. Aristotal ya bayyana fahimtar Girkawa ƙarara: rabon muƙami da ƙuri'ar sa'a shi ne na mulkin jama'a, zaɓe kuwa ya fi kusa da mulkin 'yan tsiraru, domin mai kuɗi da mai suna su ke cinye shi. Zaɓe sun keɓe shi ga ayyukan da ke buƙatar gwaninta, musamman janar-janar 10 na yaƙi.

Hukuncin ƙarshe yana hannun babban taro a kan tudun Piniks, wanda a ƙarni na 4 yake zama kusan sau 40 a shekara. Mai shela ya miƙe ya tambayi wanda ke son magana, kowane ɗan gari yana iya hawa dandamali, sannan a ɗaga hannu. Wasu hukunce-hukuncen sai mutum 6,000 sun hallara. In mutane sun yi nawa a kasuwa, bayin gwamnati kan ja igiya jiƙe da jan launi su koro su, wanda rigarsa ta ɓaci an san shi. Perikilis ya sa a riƙa biyan masu zaman alƙalanci, daga baya aka fara biyan masu halartar taro, don kada talaka ya zaɓi tsakanin abincin gidansa da haƙƙinsa. Talakan nan kuwa ya san darajarsa, domin shi ya ja jiragen yaƙi, mutum 170 a kowane jirgi, ranar da aka karya rundunar Farisa a Salamis a 480.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda suke tsare mai muƙami. Kafin ya kama aiki a bincike shi. Sau 10 a shekara taro yana ɗaga hannu a kan ko ya ci gaba ko ya sauka. In wa'adinsa ya ƙare, ba shi da izinin barin ƙasa ko kyautar da dukiyarsa sai ya gama bayanin kuɗin da suka bi ta hannunsa, kuma kowa na iya kai ƙararsa. Perikilis kansa, duk da girmansa, an tuɓe shi an ci shi tara a 430. Wanda kuma aka ga inuwarsa tana neman rufe gari, akwai ranar tsingaro: kowa ya karce sunan mutum a kan fasasshiyar tukunya, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10 ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Maguɗi bai bar wannan ma ba. An tono tsingaro kusan 190 a wata rijiya da sunan Temistokilis, aka gano hannaye 14 kacal suka rubuta su.

Raunin tsarin shi ne gaggawa. A 427, bayan tawayen birnin Mitilini, taro ya fusata ya yanke a kashe dukan mazan garin, a bautar da mata da yara, jirgi ya tashi da umarnin. Kashegari zukata suka huce, aka sake zama. Kiliyon ya ce a bar hukunci yadda yake, Diyodotos ya ce a sassauta, aka ɗaga hannu, sassauci ya rinjaya da ƙyar. Jirgi na biyu ya bi na farko, matuƙa suna cin garin sha'ir kwaɓe da mai ba tare da sun tsayar da jirgi ba, suna barci bi da bi. Sun iso an gama karanta umarnin farko, ba a kai ga zartarwa ba. Wannan karon an ci sa'a. A 406, bayan yaƙin Arginusai, taron ya haɗa janar-janar a shari'a ɗaya saɓanin doka, aka kashe shida, Sokratis da ke cikin shugabannin zaman ya ƙi yarda amma bai iya hanawa ba. A 399 shi ma kotun jama'a ta yanke masa kisa.

Sannan jama'ar da ake magana su wane ne? Cikin mutanen ƙasar da masana ke ƙiyasta sun kai 250,000 zuwa 300,000, masu iko da magana maza ne baligai, tsakanin 30,000 da 60,000. Mata ba su ciki, baƙi mazauna ba su ciki, bayi kuwa dubbansu na cikin ramukan azurfa na Lauriyon suna haƙo kuɗin da aka ƙera jiragen Salamis da su. A haka tsarin ya rayu sama da shekara 180, har Makidoniya ta rushe shi a 322.

Haudenosaunee: ta'aziyya kafin siyasa

A ƙasar da yau ake kira jihar New York, kudu da tafkin Ontariyo, ƙabilu biyar ne jere daga gabas zuwa yamma: Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga da Seneca. Faransawa sun kira su Iroquois, su kuwa suna kiran kansu mutanen dogon gida, saboda gidajensu na itace da ɓawo waɗanda iyalai da yawa ke zaune a ciki, murhu na bin murhu. Tarihinsu na baka ya ce akwai zamanin da jini ke kiran jini: a kashe naka, ka kai hari ka kashe ko ka kamo wani ya maye gurbinsa, su ma su rama.

Cikin wannan hali wani mutum da suke kira Mai Sulhu ya ƙetaro tafkin da saƙon zaman lafiya. Wadda ta fara karɓa mace ce, Jigonhsasee, wadda gidanta ke kan hanyar mayaƙa tana ciyar da su. Sai Hiawatha, wanda 'ya'yansa mata suka mutu, baƙin ciki ya fitar da shi daji. An ce ya tsinci ɓawon katantanwa a bakin ruwa ya shirya su a zare, yana tunanin kalmomin da zai faɗa wa duk wanda ya tarar cikin irin halinsa. Mai Sulhu ya karɓi zaren ya yi masa ta'aziyya da su. Na ƙarshe shi ne Tadodaho na Onondaga, mugun shugaba da labari ya ce macizai ne a gashin kansa. Ba su kashe shi ba. Sun taje masa kai, suka ba shi riƙon wutar majalisa, muƙamin da har yau akwai mai riƙe da shi. Aka tuge wani dogon itace mai ganye biyar-biyar a dunƙule, aka zuba makamai a ramin, aka mayar da shi. Wasu masana sun ce wannan ya faru a 1142, wasu sun ce wajen 1450 ko bayan haka. Ƙabila ta shida, Tuscarora, ta shigo wajen 1722.

Babbar Dokar Zaman Lafiya, wadda ake haddacewa ana tuna ta da ɗamarun tsakiya fari da shunayya da suke kira wampum, ta kafa majalisar sarakai 50: Mohawk 9, Oneida 9, Onondaga 14, Cayuga 10, Seneca 8. Yawan kujeru ba ya ba da rinjaye, domin ba a ƙirga hannu. Magana takan fara daga manyan 'yan'uwa, Mohawk da Seneca. In bakinsu ya zo ɗaya, su miƙa ta ƙetaren wuta ga ƙannensu, Oneida da Cayuga. Daga nan ta je ga Onondaga, su tabbatar ko su mayar da ita a sake dubawa. Mai magana ba a katse shi. Turawan da suka zauna da su, har da Benjamin Franklin, sun rubuta cewa mutanen yankin ba sa amsa babbar magana a ranar da aka kawo ta. Irin hukuncin da Atina ta yanke wa Mitilini cikin fushin yini ɗaya da wuya ya tsallake waɗannan matakai.

Sarautun nan 50 mallakar dangogi ne, dangi kuma ta wajen uwa ake bin sa: Kunkuru, Kyarkeci, Zalɓe, Shaho da sauransu. Miji ne ke tarewa gidan matarsa, gonakin masara da wake da kabewa a hannun mata suke. In sarki ya mutu, uwar dangi ce ke shawara da matan gidanta ta fito da magaji, mutumin da ta san halinsa tun yana rarrafe. Kafin a naɗa shi, ɓangaren da ba a yi wa mutuwa ba sai ya zo ya yi wa masu makoki ta'aziyyar Hiawatha: a share musu hawaye su gani, a buɗe musu kunne su ji, a gyara musu maƙogwaro su yi magana. Sun fahimci cewa mai ɗacin rai ba ya yanke hukunci na gari. Sannan a ɗora wa sabon sarki ƙahon barewa, a ba shi sunan wanda ya fara riƙe kujerar, a hore shi da ya zama mai kaurin fata wajen jure suka, ya kuma tuna da waɗanda ba a haifa ba tukuna. In ya kauce, uwar dangi ta gargaɗe shi har sau uku. In ya ƙi ji, a cire masa ƙaho, sarauta ta koma hannun matan da suka ba da ita. Kisan kai kuwa aka mayar da shi abin biyan diyya da wampum.

Zaman lafiyar na cikin gida ne. A waje, musamman da cinikin fatu da bindigogin Turawa suka shigo, sun yi yaƙe-yaƙe masu tsanani. A 1649 suka tarwatsa ƙasar Wendat, suka kwashe fursunoni, wasu aka mayar da su 'yan gida, wasu aka azabtar. Sharaɗin sai baki ya zo ɗaya shi ma yana da ranar da yake gazawa. A yaƙin neman 'yancin Amurka majalisa ta kasa daidaitawa, a 1777 aka rufe wutar Onondaga, kowa ya kama gabansa. Yawancin Oneida da Tuscarora suka bi Amurkawa, sauran suka bi Ingila, 'yan'uwa suka fuskanci juna a fagen Oriskany. A 1779 George Washington ya aika Janar Sullivan ya ƙone garuruwansu kusan 40 da rumbunansu.

Zamani: kowa ya shigo, kaɗan su riƙe

Kafin wannan yaƙi, a taron yarjejeniyar Lancaster na 1744, wani mai magana da yawun Onondaga, Canasatego, ya shawarci yankunan Amurka da ke ƙarƙashin Ingila da su haɗa kai kamar yadda ƙabilunsa suka yi. Franklin ya buga bayanin taron, bayan shekara 10 kuma ya gabatar da shirin haɗin kai a Albany. A 1988 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙuduri mai yaba gudummawar Haudenosaunee ga tsarin ƙasar, masana tarihi kuwa har yau suna jayayya a kan girman tasirin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya bari a waje: babu uwar dangi, babu sharaɗin haɗuwar baki, babu ƙuri'ar sa'a wajen rabon muƙaman mulki.

Marubutan kundin sun karanta tarihin Atina, kuma cikin abin da ya zauna musu a rai akwai mutuwar Sokratis. James Madison ya bambanta jamhuriyar da suke ginawa da mulkin taron jama'a kai tsaye, yana ganin a tace ra'ayin mutane ta hannun zaɓaɓɓun wakilai. Shi ya sa shugaban ƙasa wakilan zaɓe ne ke naɗa shi, sanatoci kuma majalisun jihohi ne ke turo su har 1913. Yawancin jihohi sun keɓe ƙuri'a ga masu dukiya, bawa kuwa aka ƙirga shi kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru.

Girman wannan zamani yana cikin yadda waɗanda aka bari a waje suka fasa ƙofar. Taron neman haƙƙin mata na 1848 an yi shi a Seneca Falls, a tsohuwar ƙasar Haudenosaunee, kuma Matilda Joslyn Gage, ɗaya daga jagororin gwagwarmayar, ta yi rubutu a kan ikon matansu, har dangin Kyarkeci na Mohawk suka karɓe ta a 1893. Mata sun samu ƙuri'a a New Zealand a 1893, a faɗin Amurka a 1920, a Faransa a 1944, a Girka kanta a 1952. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sai da dokar 1965, na Afirka ta Kudu sai 1994. A Nijeriya, zaɓen 1979 da ya zo da tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka shi ne babban zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, bayan shekarun da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kan wannan haƙƙi. Atina ba ta taɓa mafarkin wannan faɗin ba, kuma abin a riƙe ne da hannu biyu.

Amma akwatin zaɓe shi kaɗai an taɓa amfani da shi wajen danne mutane. A 1923 Deskaheh, sarkin Cayuga, ya tafi Geneva ya kai kukan mutanensa gaban ƙungiyar ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ba a ba shi damar magana a zaurenta ba. A 1924 gwamnatin Kanada ta aika 'yan sanda Ohsweken, a bakin kogin Grand, suka rushe majalisar sarakai, suka kwashe wampum, aka kafa zaɓaɓɓiyar majalisa wadda mutane ƙalilan suka fito zaɓenta. An cire mata daga ikon da suka riƙe ɗaruruwan shekaru, da sunan ci gaba. Majalisar gargajiyar ba ta mutu ba. Tana nan a Grand, a Onondaga kusa da Syracuse kuma sarakai da uwayen dangi ne ke mulki har yau, suna ma ba da fasfo nasu.

Ba wanda zai tara mutum miliyan 200 a kan tudu ɗaya, ko ya sa su jira sai bakinsu ya zo ɗaya. Amma dabarun ana iya aron su, kuma an fara. A 2016 ƙasar Ireland ta ciro 'yan ƙasa 99 ba ta hanyar zaɓe ba, suka zauna watanni suna sauraron masana da masu ja da juna, shawararsu ta kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 2018. Kundin Nijeriya na 1999 ya tanadi kiranye ga ɗan majalisa, sai dai sharuɗɗansa sun yi tsaurin da ya sa ya fi zama a takarda.

Abin da mutanen Atina da Haudenosaunee suka riƙe, mu kuma muka sassauta, shi ne cewa aikin ɗan ƙasa yana farawa ne ranar da shugaba ya hau. Su sun tanadi wanda zai yi gargaɗi, da lokacin da za a yi shi, da hukuncin wanda ya ƙi ji. Wannan ne ya kamata masu neman gyara su sa a gaba: kiranye mai yiwuwa, zaman da talaka zai yi magana a saurare shi tsakanin zaɓe da zaɓe, mata a wurin da ake yanke shawara, da binciken da ba ya jiran sai an ɓata da mai mulki. Duk mai riƙe da amanar jama'a ya san tun ranar rantsuwa cewa in wa'adinsa ya cika, ba zai taka filin jirgi ba sai ya tsaya gaban waɗanda suka ɗora shi ya yi bayanin kowane kwabo.